Kafin a gina manhajar bidiyo a Garwa ko Injamena

Duk matasan da suka haɗa kai a Garwa, Marwa ko Injamena da niyyar kafa kamfanin nuna bidiyo, ko na fina-finan Hausa ne, ko wa'azi, ko waƙoƙi da darussa, tambayar da ake fara jefa musu ita ce: Android za ku yi, ko iPhone, ko duka biyun? Tambayar tana da amsa, amma akwai waɗanda suka riga ta. Wace waya ce a hannun mai kallo? Nawa yake iya kashewa a data cikin mako? Ta wace hanya fim yake isa gare shi a yau? In aka amsa waɗannan tsakani da Allah, zaɓin dandali zai zo da kansa, kuma rabin abin da aka zana a takarda za a soke shi.

A fara da ta ƙarshen. Abokin gasar sabon kamfani a wannan yanki shi ne mai turi da ke bakin kasuwa, da kwamfutarsa da tarin fina-finai, wanda zai cika maka memori da 'yan canji kafin ka gama shan shayi. Bayansa sai Xender, mai tura fayil daga waya zuwa waya, wanda da shi fim ɗaya zai zagaya majalisa guda ba tare da an taɓa data ba. Mai turi ba ya neman rezo, wato sabis ɗin layin waya, ba ya neman katin banki, kayansa ba sa tsayawa a tsakiyar kallo. Manhajar da ba ta kai shi sauƙi ba, kyan zanenta ba zai cece ta ba.

Wayar da ke hannun jama'a kuwa sananniya ce: Itel, Tecno da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, sai Samsung masu araha da na hannu. Da yawansu RAM ɗinsu gigabait 2 ne ko ƙasa da haka, ma'ajiyarsu 16 ko 32, kuma hotunan biki da saƙonnin murya na WhatsApp sun riga sun cinye mafi yawanta. Wasu suna kan Android Go, samfurin da Google ta rage wa nauyi domin ƙananan wayoyi. Nan akwai tarkon da ke kama masu shirya manhaja: da dama daga cikin waɗannan wayoyi har yanzu a tsarin 32-bit suke aiki. In aka haɗa manhaja da arm64 kaɗai (samfurin wayoyin 64-bit), aka manta da armeabi-v7a (na 32-bit), wayar za ta ce ba a iya sakawa ba, kuma mai ita ba zai kira kowa ya kai ƙara ba, wucewa zai yi. Tarko na biyu na tsofaffin wayoyi ne. Waɗanda ke ƙasa da Android 7.1.1 ba su san tushen takardar shaidar tsaron shafukan intanet ta Let's Encrypt ba, kuma dabarar da ta riƙa rufa musu asiri ta ƙare a 2024. Sabar kamfani, wato kwamfutar da ke aiko wa manhaja bidiyo, in tana amfani da wannan shaida ta kyauta, za ta ƙi buɗuwa a kansu, sai in an cusa tushen a cikin manhajar tun wajen haɗa ta.

Saboda haka Android ne farko, kuma a shekarar farko Android ne kawai. Lissafin kuɗin ma ya nuna haka. Rajistar mai manhaja a Google Play dalar Amurka 25 ce, sau ɗaya. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, sannan ba a haɗa manhajar iPhone sai da Xcode, kayan aikin Apple, shi kuma sai a kwamfutar Mac. Ƙara da wayar gwaji, da lokacin mai shirya manhajar da zai rabu gida biyu. Masu iPhone a cikin masu kallon Hausa suna nan, musamman 'yan kasuwa da 'yan'uwa mazauna Saudiyya, Faransa da sauran ƙasashe, kuma su ne suka fi iya biya. Amma shafin intanet mai sauƙi ya ishe su a farko, domin Safari, mabuɗin shafukan intanet na iPhone, yana kunna bidiyon HLS (tsarin aika bidiyo gunduwa-gunduwa ta intanet) kai tsaye. Ranar da kuɗin da ke shigowa ta shafin ya kai albashin mai shirya manhajar iPhone, ranar ce ta dace a fara ta.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Kamfanin iROKOtv na Jason Njoku a Legas, mai nuna fina-finan Najeriya ta intanet, wanda ya samu jarin miliyoyin daloli, a 2015 ya juya ga manhajar Android da ake sauke fim a cikinta domin masu kallonsa na Afirka, daga baya har rumfuna ya kafa inda mutum zai je a zuba masa fim ba da datarsa ba. Duk da haka a 2020 ya rage ma'aikata, ya mayar da hankali ga masu kallo na ƙasashen waje. Darasi biyu ne a nan: saukewa ita ce hanya, kuma saukewa kaɗai ba ta sa kasuwanci ya tsaya da ƙafarsa in kuɗin da ake kashewa ya fi abin da mai kallo zai iya biya.

Da me za a gina ta? Kayan haɗa manhaja irin Flutter da React Native suna jan hankali domin rubutu ɗaya yana ba da manhaja biyu, ta Android da ta iPhone. Ga manhajar sayar da kaya ko ta labarai, zaɓi ne mai kyau. Ga ta bidiyo, wahalar duk tana a ƙasa, inda waɗannan kayan aiki ba sa kaiwa sai da taimako: na'urar kunnawa, sauke fim a bayan fage, rubutu a memori, kulle fayil. A ƙarshe dole a rubuta waɗannan sassa da Kotlin, harshen rubuta manhajar Android, sai a wayi gari ana kula da harsuna biyu maimakon ɗaya, ga ƙarin nauyin manhaja. Ƙungiyar mutum biyu ko uku gara ta tafi kai tsaye ga Kotlin da Media3, wato ExoPlayer na da, kayan kunna bidiyo na Google, wanda yake ɗauke da sashen saukewa da na ajiya a shirye. A sa wa kai iyaka: fayil ɗin manhaja kada ya wuce megabait 15. Mutum yana duba girman kafin ya taɓa, kuma manhajar da ta yi nauyi ita ake fara gogewa ranar da waya ta ce wuri ya cika.

Yanzu ga inda ya kamata a daɗe, wato lissafin data, domin a nan ne kamfani yake rayuwa ko ya mutu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a haɗa kilobit na hoto da na sauti a daƙiƙa, a ninka da 60, a raba da 8,000, abin da ya fito shi ne megabait a minti. Bidiyon 720p mai kilobit 2,000 da sauti 96 yana cin kusan megabait 16 a minti, fim mai minti 90 ya kai gigabait 1.4 ke nan. A 360p, hoto 500 da sauti 48, minti ɗaya megabait 4 ne da ɗoriya, fim ɗin gaba ɗaya kusan 370. A 240p, hoto 250 da sauti 32, ya sauko kusan 190. A fuskar waya mai inci 5 ko 6, 360p da aka matse da kyau ya wadatar, kuma shi ya kamata ya zama zaɓin farko da manhaja za ta nuna. Kowane maɓallin saukewa a rubuta girman a jikinsa da manyan lambobi, domin mai kallo ya san abin da zai fita daga forfensa, wato datar da ya saya, kafin ya danna. Manhajar da ta shanye wa mutum data ba da saninsa ba ta yi asararsa, shi da duk wanda yake zama da shi.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: wa'azi, tafsiri da karatu ba sa buƙatar hoto. Sauti kaɗai a kilobit 32 yana cin ƙasa da megabait 15 a awa guda. Maɓalli ɗaya na "saurara kawai", wanda zai ci gaba da aiki ko an kashe fuskar waya, zai fi amfani a watan azumi fiye da duk wani ado da za a yi wa manhajar. Direba, tela da mai shago duk kunne suke ba shi, hannu yana kan aiki.

Tsarin matse hoton ya zama H.264. Sababbin tsaruka irin su HEVC da AV1 suna rage girman fayil, gaskiya ne, amma wayar da ba ta da sashen da ke warware su a cikin ƙwaƙwalwarta sai ta ɗora aikin a kan babban injinta. Sakamakon shi ne hoto yana tsalle, waya tana zafi, batir yana zuba. A Marwa ko Injamena cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, waya da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai abin ya ƙara lalacewa. Kuma a garin da ake ɗauke wuta, wanda mutane ke kai waya wajen mai caji su biya, batir ma kuɗi ne. H.264 kusan kowace waya tana warware shi ba wahala. Wajen matsewa da FFmpeg, in fayil ɗin MP4 ne, a tabbata an sa faststart, wanda yake dawo da jadawalin fayil ɗin zuwa farkonsa. In ba haka ba, bidiyo yana iya ƙin tashi sai an sauke shi duka. Ga kallon kai tsaye, a yanka shi gunduwa-gunduwa na daƙiƙa 4 zuwa 6 a tsarin HLS, a fara da mafi ƙanƙantar inganci, sannan a hau in rezo ya ba da dama. A kula da sauti: fina-finai da yawa suna zuwa da murya ƙasa-ƙasa da kiɗa mai ƙarfi, kuma a lasifikar waya ake ji, cikin hayaniya. Daidaita ƙarar sauti kafin a ɗora aikin minti kaɗan ne.

Saukewar kanta tana da nata ciwon kai. Wanda ya hau mota daga Garwa zuwa Marwa ta Figil zai ga waya tana sauka daga 4G zuwa 3G, zuwa harafin E mai tafiyar hawainiya, wani wurin ta ɗauke ɗungurungum. Saukewar da ta yanke a kashi 80 cikin ɗari ta koma farko, cin amanar mai kallo ce. Dole ta ci gaba daga inda ta tsaya, ko bayan kwana biyu ne. Sannan wayoyin Transsion da ire-irensu suna da masu tsaron batir da ke kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage da zarar fuska ta mutu. Maganin shi ne saukewa ta gudana da sanarwa a bayyane a saman waya, kuma a nuna wa mai amfani, da hoto, inda zai shiga ya cire manhajar daga jerin waɗanda ake kashewa. A ba shi damar tsara saukewa zuwa dare, tunda kamfanonin waya kan sayar da datar dare da rahusa. A kuma bar shi ya ajiye a memori. Sai dai kasuwa cike take da memori na jabu, wanda aka rubuta masa 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana karɓar fayil, ya lalata shi shiru. Manhaja ta duba sahihancin fayil bayan an gama saukewa, in ya lalace ta faɗa a sarari cewa matsalar daga memori take, domin in ba ta faɗa ba, ita za a zaga.

Hanyar da data ke bi kafin ta iso ma abin dubawa ce. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suna sauka ne a Duwala, Limbe da Kiribi, nesa da arewa. Chadi ba ta da teku, ta Kamaru da Sudan take samun nata. A ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya taɓa. A Chadi an toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019. Kamfanin da ya jingina shigar masu amfani da shi ga asusun Facebook, ko ya sa manhaja ba ta buɗuwa sai ta gaisa da sabar, ya ɗaura kasuwancinsa a kan abin da ba ya hannunsa. Fim ɗin da aka riga aka sauke ya buɗu ko babu rezo sam.

Shi ma kamfani yana biyan data ta nasa ɓangaren. Manyan masu ba da hayar sabar irin su Amazon suna cajin kusan santi 9 na dala a kan kowane gigabait da ya fita. Fim mai megabait 370 da aka sauke sau 10,000 ya zama gigabait 3,700, sama da dala 330 a fim ɗaya. Akwai ma'ajiya irin Cloudflare R2 da ba ta cajin fita, kuma ya dace a gwada farashi kafin a zaɓa. Amma babbar hanyar rage wannan kuɗi tana wajen mai turi da Xender, waɗanda aka ɗauka abokan gaba ne.

Ga yadda abin yake. A kulle kowane fim da tsarin kulle fayil na AES, a bar kulallen fayil ya yi yawo yadda ya ga dama: daga waya zuwa waya, daga kwamfutar mai turi zuwa memori. Abin da kamfani yake sayarwa shi ne mabuɗin, wanda bai wuce 'yan kilobait ba, ko a rezon E zai sauka. Mai kallo ya samu fim ba da datarsa ba, kamfani bai biya kuɗin fita ba, mai turi kuma ya zama wakili mai samun kaso a kan kowane mabuɗin da aka saya ta lambarsa. YouTube Go, wanda Google ta rufe a 2022, ya yi wani abu mai kama da haka: turawa tsakanin wayoyi ba data, sai ɗan tabbaci ta intanet. A ganina wannan ne sashen da ya cancanci watannin farko na aikin ƙungiya, gaba da sharhin masu kallo, gaba da jerin "abin da za ka so", gaba da duk abin da ake kwaikwayo daga manyan manhajojin waje.

Kada a ruɗi kai game da sata. Widevine, tsarin kare bidiyo daga sata na Google, yana da matakai, kuma wayoyi masu araha da yawa a matakin L3 suke, wanda kariyarsa ta manhaja ce kawai, an kuma sha karya ta. FLAG_SECURE, wani umarni da ake sa wa manhajar Android, yana hana ɗaukar fuskar waya daga ciki, amma ba ya hana a ɗora wata waya a gaba a ɗauka. Abin da ake nema shi ne sayen halal ya fi satar sauƙi da tsabta. Ɗan tambari mai ɗauke da lambar asusun mai kallo, wanda ke bayyana lokaci-lokaci a gefen hoto, yana sa mai niyyar yaɗawa ya yi tunani. Wannan kuma shi ne abin da za a nuna wa furodusa a Kano idan aka je neman izini, domin ba a ɗora fim ɗin kowa sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi ƙasashe, tsawon lokaci da rabon kuɗi. Ƙarar haƙƙin mallaka tana iya sa Google ta sauke manhaja, in ta yawaita a rufe asusun.

Biyan kuɗi shi ne inda dokar Google da halin kasuwa suka yi karo. Ƙa'idar Play ita ce kayan da ake amfani da su cikin manhaja, irin fim da rajistar wata, a saye su ta tsarin biyan Google, wanda yake cire kashi 15 cikin ɗari ga ƙananan kamfanoni. Mai kallo a Ngaundere ko Kuseri kuwa kuɗinsa yana Orange Money ko MTN MoMo, na Injamena yana Airtel Money ko Moov Money. Wanda ya cusa maɓallin MoMo a cikin manhajar da ke Play yana wasa da asusunsa. Ƙofar da dokar ta bari ita ce manhaja ta zama ta kallo kawai: a biya a waje, ta shafin intanet ko wajen wakili, a shigo da lambar waya a tarar an buɗe. Hanya ta biyu ita ce a fitar da wani samfurin APK (fayil ɗin saka manhajar Android) daban, wanda ake rabawa ta shafin kamfani da hannun wakilai, da biyan kuɗin waya a cikinsa. Wannan yana buƙatar manhajar ta riƙa sanar da sabuntawa da kanta, kuma a sa ido, domin a 2025 Google ta sanar da shirin tantance masu manhaja har da waɗanda ake sakawa daga wajen Play.

A wajen haɗa biyan, abin da ya fi lalacewa shi ne jinkiri. An cire wa mutum kuɗi, saƙon tabbaci bai iso sabar ba sai bayan minti goma, shi kuma ya sake dannawa, an cire sau biyu. Kowane ciniki ya samu lamba tasa tilo, sabar ta ƙi karɓar ta sau biyu, ta kuma riƙa komawa tana tambayar matsayin cinikin da ya rataya. Lambar WhatsApp da mutum na gaske yake amsawa, da Hausa, Fulatanci ko Larabcin Chadi, tana cikin kayan aikin. Farashin kuma ya bi yadda kuɗi ke shigo wa mutane: na fim ɗaya, na kwana, na mako. Rajistar wata mai cire kuɗi da kanta ba ta dace da mai samun na yau ya ci yau ba. Rajistar shiga ta karɓi lambobin +237 (Kamaru), +235 (Chadi) da +234 (Najeriya), tunda gada ce kawai tsakanin Kuseri da Injamena, kuma mutum ɗaya yana iya riƙe layuka biyu ko uku.

Wurin bincike yana da wata matsala ta wannan yanki. Wanda ya yi makarantar Faransanci yakan rubuta "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", kuma kusan ba mai sa ƙugiya a ɓ, ɗ da ƙ a waya. Wanda ya rubuta "koudi" da wanda ya rubuta "kudi" duk "kuɗi" suke nema. A daidaita rubutun kafin a bincika, in ba haka ba manhaja za ta ce babu abin da yake nan. Da yawa ma ba za su rubuta komai ba; fuskar jarumi ko ta malami a babban hoto ita ce hanyarsu, don haka hotunan su zama masu kyau amma marasa nauyi, kilobait 20 zuwa 30 kowanne.

Gwaji a yi shi a kan wayoyi uku ko huɗu na hannu da aka saya a kasuwa, waɗanda ma'ajiyarsu ta kusa cika, da rana tsaka, da layin waya, ba da Wi-Fi na ofis ba. Sabon asusun mutum ɗaya a Play dole ya yi gwajin rufe da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fito fili. Asusun kamfani kuma yana buƙatar lambar D-U-N-S ta shaidar kamfani, wadda samunta kan ɗauki lokaci, don haka a nema da wuri. Bayan fitowa, Google tana duba yawan faɗuwar manhaja, wato rufewarta da kanta: in ta wuce kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani a rana, ko daskarewa ta wuce 0.47, ana rage nuna ta ga masu nema. Ban da waɗannan, lambobi uku ne ƙungiya za ta riƙa dubawa duk mako: daƙiƙa nawa bidiyo ke ɗauka kafin ya tashi, kashi nawa na saukewa ke kammaluwa, da mutum nawa cikin waɗanda suka sayi mabuɗi ɗaya suka dawo sayen na biyu. A rarraba su bisa samfurin waya da kamfanin layi, domin matsakaicin lissafi yakan ɓoye cewa wata Itel guda ɗaya ce ke faɗuwa a hannun kashi ɗaya cikin biyar na masu kallo.